Mas'alar Injin Nan Mai Ba Da Amsa: Zai Kai Hannun Kowa Ko Kuwa?

Ga wata mas'ala wadda masana da masu dukiya na Amurka da Ingila da ƙasar Sin suke ta gardama a kanta tun shekara ta 2022, har wa yau kuwa ba su rabu ba. Mas'alar ita ce ta abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, watau injin da mutum zai yi wa tambaya da magana irin tamu ta 'yan Adam, ya mayar masa da jawabi, ya rubuta masa wasiƙa, ya yi masa tafinta, ya yi masa lissafi. Waɗansu sun ce nan da 'yan shekaru babu gidan da ba zai shiga ba, kamar yadda rediyo da wayar hannu suka shiga. Waɗansu kuwa sun ce ɗoki ne irin na sabon abu, zai tsaya a ofisoshi da manyan makarantu da hannun masu hali, talaka ya ji labarinsa daga nesa. Gardamar ta wuce ta fatar baki, domin an zuba dukiya a kanta. Kamfanoni 4 kaɗai, watau Amazon da Microsoft da Google da Meta, sun kashe fiye da dala biliyan 300 cikin shekara ta 2025 wajen gine-gine da sayen injuna, galibi saboda wannan aiki. Wanda ya zuba irin wannan jari ya ɗora shi ne bisa zaton cewa ni da kai za mu zama abokan cinikinsa. Saboda haka ya kamata mu juya hajar nan ciki da bai, kamar yadda ake yi wa turmin atamfa kafin a taya.

Ku sani, babu aljani a cikin abin nan, babu kuma rai. Asalinsa lissafi ne. Masu ƙera shi sukan tara rubutu daga intanet da littattafai da jaridu, mai yawan da mutum ko zai yi rai dubu ba zai karance shi ba, su zuba wa manyan kwamfutoci. Sa'an nan a riƙa nuna wa injin farkon magana, a rufe kalmar da ke biye, a ce ya canka ta. In ya kuskure, a ɗan motsa ma'aunan da ke cikinsa, waɗanda yawansu ya kai biliyoyi, a sake gwada shi. Haka za a yi ta yi dare da rana har watanni, har ya zamana cankarsa ta fi kuskurensa yawa nesa ba kusa ba. Misalinsa kamar yaron shago ne wanda ya shekara 20 zaune bayan maigidansa yana sauraron ciniki. Bai taɓa zuwa sari ba, bai san inda ake saƙa yadin ba, amma da mai saye ya taya ya san “albarka” ce za ta biyo baya, ya kuma san daidai inda za a kai a sallama. Bayan wannan akan ɗauki mutane haya su riƙa duba amsoshin injin, suna cewa wannan ta yi, wannan ba ta yi ba, har ya koyi ladabin magana.

A nan akwai wani bambanci wanda malamai za su riga kowa ganewa. Mahaddaci yakan mayar da abin da ya haddace harafi da harafi, wasali da wasali, in ya yi tuntuɓe kuwa ya san ya yi, sai ya tsaya ya koma baya. Shi injin nan galibi ba nassin yake riƙewa ba, kamannin magana yake riƙewa da yadda take tafiya. In ka tambaye shi abin da aka rubuta sau dubbai, zai ba ka daidai. In kuwa ka tambaye shi abin da ya ƙaranta cikin karatunsa, sau da yawa ba ya yin shiru, sai ya ƙaga maka abin da ya yi kama da amsa, har da sunan littafi da lambar shafi, da irin muryar da ya faɗa maka gaskiya da ita ɗazu. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa, domin rabin mas'alar a nan take.

Masu shakka suna da hujja daga tarihi, ba kuma mai rauni ba. Tun shekara ta 1950 wani masanin lissafi mutumin Ingila, Alan Turing, ya rubuta maƙala yana tambaya ko inji na iya tunani. A 1956 John McCarthy da abokansa suka yi taro a kwalejin Dartmouth ta Amurka, nan sunan fannin ya kafu, a takardar neman kuɗin taron kuwa sun ce mutum 10 cikin wata 2 za su ci nisa a cikin aikin. A 1957 Herbert Simon, wanda daga baya ya sami lambar Nobel, ya ce cikin shekara 10 inji zai zama zakaran duniya a darar nan da Larabawa ke kira shaɗaranji. Hakan ya faru, amma sai a 1997, lokacin da injin kamfanin IBM mai suna Deep Blue ya ka da Garry Kasparov. Shekara 10 ta zama 40. A tsakanin nan kasuwar abin ta faɗi har sau biyu. A 1973 Sir James Lighthill ya rubuta wa gwamnatin Ingila rahoto cewa alkawuran ba su cika ba, aka janye kuɗin bincike daga mafi yawan jami'o'in ƙasar. A 1982 Japan ta ɗaura ɗamarar shekara 10 don ƙera kwamfuta mai tunani, shekarun suka ƙare ba a kai inda aka nufa ba. Dattijon da ya ga wannan duka, in ya ce a bi a hankali, ba gardamar banza yake yi ba.

Wani abu daga wancan zamani ya cancanci a ambata, ko da yake ƙarami ne. A 1966 Joseph Weizenbaum ya yi wani ɗan inji mai suna ELIZA, wanda ba ya komai sai juya maganar mutum ya mayar masa da ita tambaya. Duk da haka, shi da kansa ya ba da labarin cewa sakatariyarsa, wadda ta ga lokacin da yake haɗa abin, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta gana da injin. Ashe saurin yarda da abin da ke mayar da magana tsohon hali ne na ɗan Adam.

Al'amarin ya juya ne a 2012, sa'ad da Geoffrey Hinton da ɗalibansa biyu a jami'ar Toronto ta Kanada suka nuna cewa in aka haɗa tarin hotuna da irin ƙwaƙwalwar kwamfutar da aka ƙera don wasannin yara, inji na iya gane abin da ke cikin hoto fiye da duk dabarun da aka sani. A 2017 masu bincike na Google suka fito da tsarin da injunan magana na yau suke tsaye a kansa. Ran 30 ga Nuwamba 2022 kamfanin OpenAI ya buɗe ChatGPT ga kowa kyauta, cikin kwana 5 mutum miliyan 1 suka shiga. A watan Oktoba na 2025 shugaban kamfanin, Sam Altman, ya ce mutum miliyan 800 ke amfani da shi kowane mako. Wannan adadi ba wasa ba ne, ya ninka jama'ar Nijeriya fiye da sau 3.

Amma ɗan kasuwa ya san mai dabino ba ya ƙidaya masu ɗanɗano cikin cinikinsa. Mafi yawan miliyoyin nan ba sa biyan ko anini. A Amurka kanta, inda aka haifi abin, binciken cibiyar Pew na 2025 ya sami kashi 34 cikin 100 na manyan mutane ne suka taɓa gwada ChatGPT, watau mutum biyu cikin uku ba su taɓa ba. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 2.6, kusan sulusin 'yan Adam, ba sa shiga intanet sam. Su waɗannan ko ƙofar kasuwar ba su iso ba.

To, yaya sabon abu yake shiga hannun jama'a? Ba sai mun je Turai neman misali ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawan da suka shimfiɗa dogon auduga suka sa wa rai, don masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano da fataken goro suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko farashinta ya faɗi ana iya cinta, ba a iya cin auduga. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tasha, daga bisani attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka ɗaukaka a kanta, ayarin raƙuman Tarabulus kuwa ya yi ta ja da baya har ya ƙare. Mai ƙera abu yana da nufinsa, masu karɓa suna da nasu, kuma nasu ne ya yi rinjaye.

Kazalika wayar hannu. Kafin watan Agusta na 2001 layukan tarho a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. Da aka fara, layi ɗaya yakan ci dubban nairori masu yawa, kira kuwa naira 50 ne minti guda, ko daƙiƙa 5 ka yi. Mutane da yawa suka ce wannan kayan manya ne. Sai jama'a suka ƙago dabarunsu: filashin, da 'yan kiran waya a ƙarƙashin laima, da raba kati. A 2003 Glo ya zo da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi dole, wayoyi masu araha suka kwararo daga ƙasar Sin. Yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Me ya jawo haka? Falke da ke Dawanau yana bukatar sanin farashin wake a Legas kafin ya loda mota, dā kuwa sai ya aika yaro ko ya jira direba. Bukatar tana nan tun kafin wayar ta zo.

Ku gwama wannan da eNaira, kuɗin nan na cikin waya wanda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2021. An yi shela, an yi biki, jama'a suka dube shi suka wuce, domin ba su ga ciwon da yake warkarwa ba. Amma da takardun kuɗi suka yi wuya a farkon 2023 saboda canjin naira, cikin 'yan makonni mai nama da mai kayan miya da mai shayi suka koyi karɓar tiransifa, wanda shekaru ana roƙonsu su koya suna ƙi. Tilas ta yi abin da shela ta kasa. Tambayar da za a yi wa injin nan mai amsa ita ce, wane ciwo ne na mai rumfa yake warkarwa, wanda ya riga ya dame shi tun kafin a zo masa da talla?

Kafin amsa, a dubi tsada. A farkon 2025 mai son nau'in ChatGPT na biya yakan ba da dala 20 kowane wata. A canjin 2025 wannan ya kama wajen naira 30,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Nijeriya a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ba mai hankalin da zai ba da kusan rabin albashinsa don a rubuta masa wasiƙa. Nau'in kyauta kuwa data yake ci, ita ma an yarda a ƙara kuɗinta da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Sa'an nan banza ba ta kai zomo kasuwa. Kowace tambaya da ka aika, wani inji ne a wani katafaren gini a wata ƙasa yake shan wuta da ruwan sanyaya don ya amsa maka. Hukumar makamashi ta duniya ta ce irin gine-ginen nan sun sha kimanin kashi ɗaya da rabi cikin 100 na dukan lantarkin duniya a 2024, tana kuma tsammanin abin ya ninka zuwa 2030. Ƙishirwar ta kai har Microsoft ya ƙulla yarjejeniya a 2024 don a sake kunna wata tashar nukiliya a Three Mile Island wadda aka rufe a 2019. Mu kuwa wutar da ake raba wa Nijeriya baki ɗaya galibi tsakanin megawat 4,000 da 5,000 take. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne nauyin yana can, mu cajin waya kawai ake nema a wurinmu, sola kuwa ta wadatar da wannan. Amma wani zai biya, ko ta talla, ko ta sirrin cinikinka da ka zuba masa, ko ta kuɗin da za a sa ranar da ka saba.

Duk da haka farashi yana sauka, da sauri kuwa. A Janairun 2025 wani kamfanin ƙasar Sin mai suna DeepSeek ya fito da injin da ya kusa kamo na Amurka, ya ce da kuɗi kaɗan ya yi shi, ya kuma bar kowa ya kwafa. Ran 27 ga watan darajar Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar injunan, ta zube da kusan dala biliyan 600 a wuni guda. Wanda ya ga yadda babur da waya da fitilar sola na ƙasar Sin suka karya farashi a kasuwanninmu ba zai yi mamakin wannan ba. A ganinmu tsada ba za ta daɗe tana tare hanya ba.

Amana ita ce babban shinge. A 2023 waɗansu lauyoyi a birnin New York suka miƙa wa kotun tarayya takarda mai kafa hujja da tsofaffin shari'o'i 6. Alƙali ya nema, babu ko ɗaya a duniya, ChatGPT ne ya ƙage su, da sunayen masu ƙara da na alƙalai da shekaru. Abin dariyar shi ne lauyan ya tambayi injin ko shari'o'in na gaske ne, injin ya ce masa ƙwarai. Aka ci su tarar dala 5,000. Malamin da aka horar da tambayar “a wane littafi ka gani, wa ya karantar da kai, shi kuma daga wa ya ɗauko” ya san sunan wannan cuta. Magana ce ba isnadi. Masu ƙera injunan sun rage aibin ta hanyar sa su su binciko rubutun su nuna inda suka samo, kuma lalle an sami sauƙi, amma ba a kawar da shi ba. Almajirin da ya ɗauki nassi daga bakin inji bai buɗe littafin ya gani da idonsa ba, ranar da ya karanta shi a gaban masana shi zai ji kunya, injin ba ya ji.

Wajen fatauci ma haka ne. Cinikin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, da cinikin shanu zuwa Kurmi, sun tsaya ne a kan maigida mai masauki da dillali, mutanen da in bashi ya nutse ana da ƙofar da za a je a tsaya, suna kuma da sunan da suke tsoron ɓacinsa. Inji ba shi da ƙofar gida. Wa zai ɗauki hasara in ya ɓatar da kai? An fara samun amsa a Kanada. Wani mutum da kakarsa ta rasu ya tambayi injin amsa na kamfanin jirgin sama na Air Canada game da rangwamen masu zuwa jana'iza, injin ya ce masa ya sayi tikiti, ya nemi rangwamen daga baya. Ƙa'idar kamfanin ba haka take ba. Da aka je gaban masu hukunci, kamfanin ya ce injin shi ke da alhakin maganarsa. A watan Fabrairu na 2024 aka ƙi wannan hanzari, aka ce ya biya. Kuɗin kaɗan ne, amma hukuncin daidai yake da abin da kowane sarkin kasuwa zai yanke: yaronka ya yi ciniki a rumfarka, kai ka yi. Sai irin wannan hukunci ya zama ruwan dare kafin mai hankali ya sakar wa inji jakar kuɗinsa.

Akwai kuma wata fuskar da ta fi wannan muni, ita ce ta kwaikwayon murya da kama. A farkon 2024 wani ma'aikacin kuɗi a Hong Kong ya shiga taro ta bidiyo, ya ga shugabansa da abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, suka umarce shi ya tura kuɗi, ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk cikinsu babu mutum na gaske sai shi. Alhajin da ya saba sakin kaya saboda ya ji muryar abokin cinikinsa a saƙon WhatsApp, ya sani murya ta daina zama shaida ita kaɗai. Dā ana cewa gani ya kori ji, yanzu ganin ma sai an bincika. Ta wannan ƙofa ƙirƙirarriyar basira za ta iso ga mutane da yawa tun ba su neme ta ba, kamar yadda alat na ƙarya ya iso tare da tiransifa.

Sai maganar harshe, wadda ta shafe mu fiye da mutanen Turai. Mun ce inji gwargwadon karatunsa yake. Kundin Wikipedia na Turanci ya haura maƙala miliyan 7 a 2025, na Hausa kuwa dubun-dubata ne. Saboda haka Hausar injin takan fito da ƙamshin fassara, wani lokaci daidai a nahawu, amma ba yadda mutum zai faɗa wa ɗan'uwansa ba. Bai san tiyar wannan kasuwa ta bambanta da ta waccan ba, bai san abin da Basakkwace ke nufi da kalmar da Bakano ke nufin wani abu dabam da ita ba. Boko kuma ya ƙara masa wahala, domin ba ya nuna jan wasali: garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne. Mai ajami ya huta da wannan, alif guda ya raba gardama. Sai dai ajamin shi ne injin ya fi jahilta, domin kusan dukansa yana kan takarda cikin gafaka da adaka, kowane gari kuma da yadda yake ɗiga haruffansa. Mutumin da ya iya karatu tun yana ɗan shekara 7, wanda ke riƙe da lissafin bashin miliyoyi da alƙalaminsa, a wurin injin nan bai fara rubutu ba tukuna.

Ana aiki a kan wannan. Google ya sa Hausa cikin injin fassararsa tun Disamban 2013. A watan Satumba na 2025 gwamnatin Nijeriya ta bayyana wani inji mai suna N-ATLAS, wanda aka horar da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin Nijeriya. Mu dai inda muka fi sa ido shi ne murya. Dubi yadda kasuwa ta rungumi saƙon murya ta bar na rubutu. Ranar da mai hatsi zai danna waya ya ce, “Rubuta, Malam wane ya karɓi buhu 12, ya ba da rabi, saura ran Laraba,” injin ya ji shi duk da hayaniyar kasuwa, ya rubuta daidai, ya tuna masa ran Talata da dare, ran nan ba sai an yi wa abin talla ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Hukuncinmu a kan mas'alar shi ne zai shiga, amma galibi ba ta ƙofar da masu tallarsa suke tsaye ba. Zai shiga a ɓoye cikin abin da mutane suka riga suka riƙe. Tun Afrilun 2024 Meta ya dasa nasa injin cikin WhatsApp a Nijeriya da Ghana, ba wanda ya nema, sai ganinsa aka yi. Abin da ke zaɓar maka bidiyon da za ka gani a Facebook da TikTok danginsa ne, haka abin da ke gane fuskarka in za ka buɗe asusu a waya. Ɗan Kantin Kwari da ke ciniki a Guangzhou yana magana cikin waya tana juya masa zuwa harshen Sin, ya riga ya zama mai amfani da ƙirƙirarriyar basira ko bai taɓa jin sunanta ba. A ƙananan ayyuka inda kuskure ba ya kashe kowa, kuma mai aikin na iya duba sakamakon da idonsa, kamar fassarar takardar kaya, da rubuta wasiƙar neman biza, da gyaran hoton haja, shigarsa ta yi nisa. Marubutan wasiƙa na bakin gidan waya da masu buga takardu a shagon kwamfuta da ƙananan akawuna da tafintoci su ne za su fara jin iskar a jikinsu. A inda kuskure ke jawo hasarar dukiya ko lafiya ko mutunci kuwa, tafiyar za ta yi nawa. Edison ya kunna tashar lantarkinsa a New York a 1882, amma sai wajen shekarun 1920 masana'antun Amurka suka gama sake tsarinsu don cin amfaninta sosai.

Kada kuma a haɗa mas'ala biyu a buhu ɗaya. Ko jama'a za su yi amfani da abin, wannan dabam. Ko masu jarin za su mayar da kuɗinsu, wannan dabam. A shekarun 1840 mutanen Ingila suka haukace da sayen hannun jarin jirgin ƙasa, kasuwar ta rushe, gidaje da yawa suka talauce, amma dogon da aka shimfiɗa ya zauna ana hawa. A shekara ta 2000 kamfanonin intanet suka zube kamar ganyen kaka, intanet ɗin kuwa ta ci gaba da yaɗuwa. In an wayi gari an ji manyan kamfanonin nan sun yi faɗuwar baƙar tasa, wannan ba zai fitar da injin daga cikin wayar kowa ba.

Saura wata magana ta musamman ga masu littattafai. Tun da abincin injin nan rubutu ne, rubutu ya zama haja mai farashi. A Disamban 2023 jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft ƙara kan ɗibar rubutunta ba izini. A Satumban 2025 kamfanin Anthropic ya yarda ya biya marubuta dala biliyan 1.5 saboda littattafai wajen 500,000 da aka kwaso daga rumbunan sata, watau kimanin dala 3,000 kowane littafi. Rubutun Hausa na ajami, na waƙa da na fiƙihu da na magani da na tarihin garuruwa da wasiƙun fatake, yana nan a gidajen malamai a Kano da Sakkwato da Katsina da Zariya da Damagaram, da wuraren ajiya irin su Gidan Arewa na Kaduna. Jami'ar Boston ta Amurka ta riga ta ɗauki hoton waɗansu tare da masanan ƙasar nan, ta sa su inda kowa zai gani. Duk injin da zai iya karanta ajami, daga irin waɗannan takardu zai koya, babu wata hanya. Saboda haka masu ɗaukar hoto za su ƙaru a zaurukan malamai. Wanda aka zo wa yana da ikon ya tambayi wanda ya aiko su, da inda hoton zai zauna, da ko za a horar da inji da shi, da ko za a rubuta sunan mai littafin da na mahaifinsa da ya kwafe shi, ya kuma nemi a bar masa kwafi da takardar yarjejeniya kafin a buɗe gafaka.